But ɗaya, mu uku

Ni da Ahmed Musa shekararmu ɗaya, duk 'yan 1992 ne, kuma iyakar abin da ya haɗa mu kenan, kar wani ya ɗauka zan ce abokina ne, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Amma duk wanda ya buga ƙwallo a Kano daga wajen 2006 zuwa 2012 da shi yake auna kansa ko yana so ko ba ya so. Yaro ya taso daga Jos, ya biyo ta ƙungiyar JUTH ta can, ya zo Kano Pillars a kakar 2009/2010 ya zuba ƙwallo 18 a raga, kafin mu gama mamaki an ce ya tafi VVV-Venlo a Holan, daga nan sai CSKA Moscow, daga nan sai Leicester. Mu kuwa a lokacin muna filin firamaren unguwarmu muna musu a kan wa zai fara sa but.

Labarin waɗanda suka tsallake kowa ya san shi, rediyo ta faɗa, jarida ta buga. Namu ne ba mai bayarwa, mu da muka cika filayen Kurna da Gwammaja da Fagge da Ɗorayi da Brigade kullum yamma, muka yi gumi iri ɗaya da nasu, ƙarshe kowa ya kama kasuwarsa. Abin da ke ban mamaki in na zauna ina tunani shi ne wasannin kansu yawanci sun ɓace min, wa muka ci wa ya ci mu sai an tuna min, amma mutanen da na yi zaman nan da su, har yadda kowa ke ɗaure igiyar takalminsa ban manta ba. Mu huɗu muka fi shaƙuwa. Ba zan kama suna ba tunda yanzu duk magidanta ne, wani ma har Alhaji ake ce masa, zan kira su da abin da muke kiransu a fili: Bahago, Gola da Kyaftin. Ni ɗan baya ne, lamba 2, irin waɗanda koci ke ce wa "kai dai in ta zo ka fitar da ita, kar ka yi mana iyayi".

Filin namu ba ciyawa ko ɗaya, sai da damina ta ɗan fito a kusurwa awaki su cinye abarsu. Jar ƙasa ce da tsakuwa, gefe guda kwata ta bi ta wuce, in ƙwallo ta faɗa ciki wanda ya buga shi zai shiga ya ɗauko, wannan doka ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Raga kuwa ƙarafa ne da wani mai walda ya taimaka ya haɗa mana, babu net, shi ya sa rabin rigimarmu a kan ta shiga ko ba ta shiga ba ne. Ana idar da la'asar ake farawa, manya su fara mu muna gefe muna ɗan taɓawa, sai wani ya gaji ko ya ji ciwo a ce kai yaro zo ka shiga. Ba agogo ba lafari, ladan ne ke tashin wasa, yana fara kiran magariba ko kai kaɗai ne a gaban gola an tashi. Da hunturu ƙura za ka sha har ka ji ta a haƙoranka, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, gobe kuma ka dawo.

Kocinmu tela ne. Ba wanda ya taɓa biyansa ko sisi, shi ne ma ke cire na aljihunsa. Ya buga a zamaninsa har gwiwa ta ajiye shi, yana ɗan ɗingishi, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin Raccah Rovers da yadda suka ɗauko wa Kano kofin lig a 1978, wai ku yaran yanzu me kuka sani. Jesinmu a jakar bakko yake ajiye su a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, lambobin shi ya yanka da ragowar yadi ya ɗinka, kuma ranar wasa kaɗai ake fito da su, ana tashi ka cire ka miƙa, mu yara mu wanke bi da bi. Dokokinsa ba yawa, wanda bai yi sallah ba ba zai buga ba, wanda ya ji warin sigari ko sholisho a jikinsa ya tafi kenan, wanda ya zagi uwar wani ya zagaye fili sai ya ce ya isa. Na ga ya kori yaron da ya fi kowa gudu a ƙungiyar saboda ta biyun nan ana saura kwana kaɗan wasa, manyan unguwa suka zo ban haƙuri ya ce a'a.

To yanzu maganar but. Mu uku, ni da Bahago da Kyaftin, muka yi wata da watanni muna ɓoye kuɗin tara na makaranta, muka haɗa da ɗan abin da Kyaftin ke samu in ya yi dako a Kwari ranar Asabar, muka je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo muka sayi but ɗaya, baƙin Adidas tsohon yayi, haƙoran ƙasansa na baya duk sun cinye. Ni ya yi min daidai, Kyaftin ya ɗan matse shi, Bahago kuwa sai ya cusa tsumma a gaba sannan yake zama. Gola bai shiga karo-karon ba, ya ce shi safar hannu yake nema, ƙarshe irin ta leburorin gini ya samu mai ɗigo-ɗigon roba, kuma da ita ya yi shekaru yana kama ƙwallo. A tirenin rabon ba wuya, Bahago ya sa ƙafar hagu, Kyaftin ya sa ta dama, ɗaya ƙafar kowa kambas, suna gudu suna karkacewa tunda tsayin ba ɗaya ba, 'yan kallo suna dariya su ko a jikinsu. Ni in tsaya a baya da kambas ɗina ina jiran ranar wasa, don ranar wasa ne ake sa shi ƙafa biyu, wanda ya fara da shi ya cire a hutun rabin lokaci ya ba na gaba. Shumekan bakin masallaci ya ɗinke but ɗin nan har zare ya fi fata yawa, daga baya ma ya daina karɓar kuɗinmu.

A gidanmu but ɗin ke kwana, saboda Ummana ba ta damu ba in dai na je Islamiyya. Gidan su Bahago kuwa da an gan shi wuta za a sa masa. Babansa mutum ne mai zafi, ɗan kasuwa, a wajensa ƙwallo da shaye-shaye duk kanwar ja ce, kuma in za a faɗi gaskiya ba wai bai da hujja ba ne gaba ɗaya, don a bakin filayen nan akwai 'yan daba, akwai masu sayar da ƙwaya, yara da yawa daga kallon bal suka lalace. Sai dai shi bai taɓa zuwa ya ga abin da ɗansa ke yi da ƙafar hagu ba. Bahago gajeren wando yake sawa a ƙarƙashin kaftani ya ce ya tafi hadda, in an tashi mu tsaya a famfon masallaci ya wanke ƙafa har gwiwa, Gola ya fito da ɗan gwangwanin basilin ɗin da yake yawo da shi saboda wannan aikin kawai a shafe masa ƙafa da fuska, mu duba bayan wuyansa ko da sauran jar ƙasa. Duk da haka wani lokacin a gane, washegari ya zo da shatar bulala a hannu ya ce a ba shi ƙafar hagunsa.

Bayan isha kuma sai majalisa. In akwai kuɗi garau-garau ne a kwano ɗaya, mai da yaji da ɗan salak, hannu huɗu, kuma Gola ne ke raba ƙwan in an samu tunda shi kaɗai muka yarda ba zai yi cuta ba. In babu mu zauna a bencin mai shayi muna ɗumama masa waje har ya kore mu. Daren Talata da Laraba na gidan kallo ne, benci da fanka ɗaya da janareta a waje tana ihu, kuma a nan ne kaɗai abotar ke tsayawa a bakin ƙofa. Gola ɗan Arsenal ne, tun jan katin da aka ba golansu Lehmann a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2006 yake cewa zalunci aka yi musu, har yau bai sauka ba. Kyaftin ya bi Mikel Obi zuwa Chelsea. Bahago Barcelona, tun Ronaldinho, da Messi ya fito kuma ya ce ai ɗan uwansa ne bahago. Ni Man U. Daren da John Terry na Chelsea ya zame a bugun fenariti muka ɗauke kofin a Moscow a 2008 wallahi Kyaftin sai da ya yi kwanaki ba ya amsa min sallama, ya zo gidanmu ya karɓi but ta hannun ƙanena ya juya. Da shekara ta zagayo Barcelona ta yi mana biyu da nema a Rome, Bahago ya rako ni har ƙofar gida yana kwaikwayon yadda Messi ya tashi ya sa kai.

Kuma ku tuna wane zamani ne. A 2005 mun ga Sani Kaita a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan, shi da su Mikel da Taiwo, duk da Messi ya cinye mu da fenariti biyu. A 2007 yaran Yemi Tella suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Koriya ta Kudu, suka doke Sifen a bugun fenariti, a cikinsu akwai Rabiu Ibrahim da lamba 10 a bayansa, bai jima ba aka ce yana Sporting ta Portugal. A 2008 Pillars ta ci lig karon farko, a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai har kusa da na ƙarshe. Ko'ina ka juya kirarin Pillars ne, Sai Masu Gida, a bayan bas, a jikin shago. Duk Fabrairu ga kofin Ramat na tunawa da Janar Murtala, yara daga jihohi sun cika gari, mu tafi a ƙafa mu kalla muna cewa wannan ai bai kai Bahago ba. Ta yaya za ka gaya wa ɗan shekara 16 a irin wannan yanayi cewa ya maida hankali kan lissafi?

Sai ga 2009, kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 ya zo Najeriya, Kano na cikin garuruwan da aka zaɓa, aka kawo mana rukunin Sifen da Amurka da Malawi da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Mu huɗu muka je kallon Sifen. A lokacin sunayen ba su dame mu ba, sai daga baya muka gane Isco da Koke da Morata da Muniain da Sergi Roberto muka gani da idonmu, sa'anninmu. Ni abin da na fi kallo ba wasan ba ne, ɗumama jikin da suka yi kafin a fara ne, kowa da but sabo kala-kala, ƙwallaye sun fi goma a zube, wani aikinsa kawai ya miƙa ruwa, wani ya matsa musu ƙafa. Ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafar mutum, taɓa ɗaya ta wuce, ba mai ihu a ba shi. Bahago bai ce uffan ba har aka tashi, muna fitowa wajen masu gurasa ya ce "wallahi ba su fi ni ba, fili suka fi ni". Muka fashe da dariya, Kyaftin har da riƙe ciki. Ni dai yanzu ba na dariyar maganar nan. Gasar ta ƙare Switzerland ta ci mu ɗaya mai ban haushi a Abuja, amma mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne waɗancan yaran.

A gasar nan ne FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu, in ƙashin ya gama haɗewa alama ce mutum ya wuce shekarun, kuma kafin a fara sai da aka sauke 'yan wasa da dama daga tawagar Najeriya. Mu wannan bai ba mu mamaki ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen tantance 'yan wasa ya san yadda abin yake, kai ɗan 17 na gaskiya, siriri, ko gashin baki babu, a haɗa ka da mutumin da ya sha aski ƙwal don kar a ga komai, ƙwanjinsa ya yi biyun naka, ya ce shekararsa 15, ya bangaje ka ka tashi sama, mai zaɓe ya ce yaron nan ba shi da ƙarfi. Har ana cewa akwai shekarun haihuwa akwai shekarun ƙwallo, kuma manya ne ke koya wa yara. Ni a ganina wannan ya kashe yaran kirki fiye da rashin fili da rashin but, don mai shekarun gaskiya ba a ba shi lokacin da jikinsa zai cika, kafin ya cika an riga an ce ya tsufa.

Wasan da ba na buƙatar a tuna min shi ne wanda muka je wani gari a wajen Kano, kofi ne wani ɗan siyasa ya sa, mun kai kusa da na ƙarshe, za mu kara da masu gida. Bas ɗaya aka ɗauko haya aka loda mu wani kan wani. Muna isa, kafin ma mu sauka, Koci ya ce wa direba ya juya motar ta kalli titi kuma kar ya yi nisa. Mu ba mu gane ba a lokacin. Layin filin da toka aka ja shi, 'yan kallo a kan layin suke tsaye wasu da gora, lafari kuma ɗan garin ne, kowa na kiransa da sunansa. Kafin hutu sun ci mu ɗaya da satar gida da makaho ma zai gani. Da hutu Koci ya zuba wa kowa gulukos a tafin hannu muka lashe, fiya wata ɗaya mutum biyu. Ranar layina ne in sa but a zagaye na biyu, Bahago har ya sunkuya zai kwance, Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce "mutumina bar masa", na ce dama ban ce ya cire ba.

An dawo ba da jimawa ba Kyaftin ya tare wata a tsakiya ya tura wa Bahago ta gefen hagu. Ya tsayar da ita da tafin ƙafa, ɗan bayansu ya taho da gudu zai share shi da ita gaba ɗaya, ya ja ta baya kaɗan mutumin ya wuce da zamiya har cikin 'yan kallo, na biyu ya zo ya yi kamar zai buga, wancan ya juya baya ya runtse ido, ya wuce shi, sai ya ɗaga kai sau ɗaya ya lanƙwasa ta can kusurwar nesa, gola yana tsaye bai ko motsa ba. Filin ya yi tsit, muryar Koci kaɗai ake ji. Daga nan lafari ya ƙi tashin wasa, rana ta yi ja muna ta bugawa, sai da ɗan gabansu ya faɗi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi aka busa fenariti. Gola ya tofa yawu a safar leburorinsa ya faɗi dama ya rungume ta. Dutsen farko a bayansa ya sauka. Ba wanda ya ce mu gudu, kawai ganinmu muka yi a cikin bas, direba ya riga ya tada mota, Gola da ƙwallon mutane a hannunsa bai ma san ya taho da ita ba, goshinsa na jini yana dariya. Daga baya muka ji an ba su wasan wai mun gudu. Ƙwallon dai mun yi shekara muna tirenin da ita.

Bayan wannan ne sunan Bahago ya fara yawo, kuma bayan wannan ne mutumin ya zo. Da kwat, da mota mai baƙin gilas, da hotuna a waya shi da Turawa a filaye masu ciyawa. Ya tsaya ya kalli tirenin, ya kira Bahago gefe ya ce akwai gwaji a wata ƙasa a gabashin Turai, shi ejan ne, amma sai an kawo kuɗin fasfo da biza da rabin kuɗin jirgi. Koci ya ce bai yarda da shi ba, ya ce kulob ɗin gaskiya shi ke biyan kuɗin jirgi, ba a karɓar kuɗi a hannun yaro, kuma yaron ma bai kai 18 ba, dokar FIFA ta hana a fitar da wanda bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa. Gaskiya ya faɗa, Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV. Amma wa zai saurari tela? Aka fara cewa baƙin ciki yake, wai yana so a ba shi kasonsa ne. Umman Bahago ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ba da sanin babansa ba, ƙanin mahaifiyarsa ya sa hannu, mu ma muka kawo abin da bai taka kara ya karya ba, muka ce kuma but ya zama nasa.

Sai dai Kyaftin abin ya tsaya masa. Shi ne babba a cikinmu, shi ke zuwa fili kafin kowa, shi ke gudun asuba har Goron Dutse ya dawo, kuma mutumin nan ko kallonsa bai yi ba. Bai faɗa da baki ba amma ya daina dariya, in ana maganar tafiyar sai ya tashi. Ana gobe tafiya wata 'yar magana ta haɗa su a majalisa, ya ce ai wasu da ƙafar wasu suka tashi, Bahago ya ce in ƙafar dama ce kake ciwo gobe zan aiko maka da ita. Da safe kuwa ƙanen Bahago ya kawo wa Kyaftin ita a leda. Da ƙafar hagu kaɗai ya tafi.

Legas aka kai shi, aka zuba su a ɗaki ɗaya da wasu yara daga jihohi daban-daban kowa da irin labarinsa, yau biza gobe biza, suna tirenin a bakin ruwa da safe suna cin garin kwaki da dare, har ranar da wayar mutumin ta daina shiga. Watanni ya yi. Kunya ta hana shi dawowa, sai da wani direban tirela ɗan unguwarmu ya gan shi a Agege ya ɗauko shi. Ya dawo ya rame, ya shige shagon babansa, in ya hango mu ya canja hanya. Ba wanda ya yi masa dariya, Allah ya sani, amma shi gani yake duk gari shi ake nunawa. Koci ya je har gida, ya ƙi fitowa. Irin mutanen nan har gobe suna nan, yanzu ma a Facebook da WhatsApp suke farauta da takardar gayyata ta bogi mai tambarin kulob, kuma har gobe iyaye na sayar da fili suna ba su.

Sauran abin ya zo da sauri. Harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ya sa aka kafa dokar hana fita, gidajen kallo suka yi sanyi, iyaye suka daina barin yara su yi yamma a waje. Na samu makaranta a Zariya. Kyaftin ya zama yaron shago a Kwari. Gola yana acaɓa, da aka hana goyo a babur a farkon 2013 ya sha wuya kafin ya samu adaidaita sahu ta biya-kullum. Filin ma aka gina ajujuwa a rabinsa, yanzu abin da ya rage ko 'yan bakwai-bakwai ba zai ɗauka ba. Najeriya ta ci kofin Afirka a Fabrairun 2013, Ahmed Musa ya ci Mali a wasan kusa da na ƙarshe, Sunday Mba ya ci Burkina Faso a na ƙarshe, kowa a inda yake ya kalla, ba wanda ya kira wani.

Rasuwar baban Gola ce ta sake haɗa mu. Muna zaune a tabarmar zaman makoki ni da Kyaftin sai ga Bahago, ya yi gaisuwa aka yi addu'a, ya duba ba wajen zama sai kusa da Kyaftin, ya zauna. Aka jima ba mai magana. Can da mutane suka ragu Kyaftin yana kallon gabansa ya ce "wancan fas ɗin da na ba ka a garin nan, da wani ne ma zai ci". Bahago ya ce "fas? ai tsere maka ta yi". Gola da idonsa ya kumbura da kuka ya ce ku duka ƙarya kuke, ni na hana a ci mu. Shi kenan, ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya tada maganar Legas, daga ranar har yau. Biyun da Musa ya ci Argentina a kofin duniya na 2014 da biyun da ya ci Iceland a na 2018 duk tare muka kalla, kuma duk sanda ya ci Bahago ne ke fara tashi tsaye.

Yanzu Bahago yana da shagon waya a Farm Centre, da yamma kuma shi ke riƙe da yaran unguwa tunda Koci ƙafa ta ƙi, jakar bakkon ma a hannunsa take. Duk yaron da wani ya zo wa da maganar Turai sai ya ce a turo masa mutumin, kuma yawanci ba sa zuwa. Rigimar da muke ciki a 'yan kwanakin nan ita ce ta ɗan Kyaftin na fari, yaro ne ɗan firamare amma duk wanda ya ga yana taɓa ƙwallo sai ya tsaya, kuma abin dariyar bahago ne. Bahago ya ce a ba shi shi. Kyaftin ya ce ko kusa, ɗansa karatu zai yi, wai shi ya san abin da ƙwallo ke yi wa mutum, har ya fara maganar bulala, Gola ya ce to Alhaji sai mu nemo gwangwanin basilin. Ni na ce a bar yaro ya buga da sharaɗin makaranta da Islamiyya, da shekarunsa na gaskiya, kuma duk wanda ya zo da kwat a haɗa shi da Bahago. Kyaftin bai ce eh ba bai ce a'a ba, amma matarsa ta gaya wa matata wai ranar Lahadi ya je Ƙofar Wambai shi kaɗai, ya dawo da leda ya ɓoye a saman sif, kuma ya ce kar a gaya mana.